ƘANJAMAU: ME YA SA MUTANENMU KE ISA ASIBITI A MAKARE?

 

Kwamitin taimakon marasa lafiya na ƙungiyarmu ne ya ɗora mana wannan magana, mu kuwa ba mu ƙi ba, don mun san dalili. Mu fatake ne, aikinmu saye da sayarwa, amma mu ne ake buga wa ƙofa da tsakar dare idan wani ya faɗi a Mil 12 ko Agege ko Alaba Rago, mu ne masu yawo da faranti a masallaci ana karo-karo, mu ne masu neman direban da zai yarda ya ɗauki majiyyaci zuwa Arewa. Wanda ya daɗe yana wannan aiki dole ya lura da wani abu da ke ta maimaita kansa. To yau shi za mu faɗa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Malamai ku yi mana afuwa, iyaye mata ku yi haƙuri, akwai wuraren da sai mun ɗan ajiye kunya.

Ga yadda abin yake tafiya, kuma kowa a nan ya taɓa gani. Mutum ya fara zazzaɓi. Ya je kemis, a ce maleriya ce, a ba shi ƙwayoyi. Ya ji dama-dama, ya koma kasuwa. Bayan wata guda ya dawo, a ce wannan karon taifot ce, a yi masa allura, a ɗaura masa ƙarin ruwa leda biyu a bayan kanta. Sai gudawa ta biyo baya, abokai su ce basir ne, a sayo masa jiƙo wajen mai tallar magani a tasha. Wando ya fara yi masa yawa. Tari ya shigo, a ce sanyin Ikko ne. Wani ya raɗa masa cewa ai wannan jifa ce, tun da kasuwarsa ta fara buɗewa. A haka za a ci wata takwas, wani shekara guda, kuɗin da ya tara duk sun tafi. Ranar da ya kasa tashi sai a kira mu. Idan muka kai shi babban asibiti aka ɗebi jini, tambayar da likita ke yi mana guda ce kullum: ina kuka ajiye shi duk wannan lokaci?

Ba kowane mai irin wannan ciwo ke da ƙanjamau ba, kada wani ya tashi daga nan ya fara nuna mutane da baki. Amma da yawa daga cikin waɗanda aka samu da ita, wannan ita ce hanyar da suka bi.

Don mu gane abin da likita ke nufi da makara, sai mun san abin da yake ƙirgawa. A cikin jinin ɗan Adam akwai fararen ƙwayoyi waɗanda aikinsu tsaron jiki ne. Daga cikinsu akwai wani iri da likitoci ke kira CD4, su ne kamar shugabannin 'yan sintiri, su ke ganin ɓarawo su tashi sauran. Ana ƙirga su a ɗan ɗigon jinin da bai kai ƙwayar gero ba. Mai lafiya ana samun kamar 500 zuwa 1,500 a wannan ɗigo. To ƙwayar cutar HIV ba ta da abin hari sai su. Cikinsu take shiga ta hayayyafa, ta kashe su, jiki ya ƙero wasu, ta sake kashewa. Jiki yana bakin ƙoƙarinsa, amma kullum abin da ke fita ya ɗan fi abin da ke shigowa. A mafi yawan mutane ƙidayar kan ragu da kamar 50 zuwa 100 a shekara idan babu magani.

'Yan kasuwa, ai kun san wannan lissafi. Shi ne cin uwar kuɗi. Mutum ne da rumfa cike da kaya, yana buɗewa da asuba, yana ciniki, yana sa babbar riga ran Juma'a, alhali kullum yana ɗan taɓa jari. Wanda ya wuce ta gaban rumfar ba zai ga komai ba. Shi kansa mai rumfar, in dai ba ya zama ya yi lissafi, ba zai sani ba sai ranar da motar albasa ta iso daga Aliero ya duba aljihu ya ga babu na sauke kaya. Haka wannan cuta take. Mutum yana iya yin shekara takwas, har goma, yana ɗauke da ita yana dako a Apapa ko yana tuƙa tirela zuwa Kano, ƙarfinsa ƙalau, ya yi aure, ya haihu. A duk shekarun nan babu abin da zai nuna masa sai gwajin jini.

Likitoci sun ja layi biyu a wannan lissafi. Wanda aka fara gano cutar a jikinsa ƙidayarsa ta riga ta gaza 350, ana cewa an gano shi a makare, ko da kuwa da ƙafarsa ya zo yana dariya. Wanda ta gaza 200 kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin waɗanda cutar ta yi nisa a jikinsu, wato abin da mu muka sani da suna ƙanjamau ke nan. A wannan mataki ne cututtukan da mai lafiya ke shaƙa kullum ba su yi masa komai suke samun ƙofa a buɗe. Babbarsu tarin fuka, wato tibi, shi ya fi kashe masu wannan cuta a duniya baki ɗaya. Sai wani irin sanƙarau, ba irin wanda muka sani na lokacin zafi a Arewa ba, wannan ƙwayarsa tana cikin ƙasa da kashin tsuntsaye irin su tantabara, yakan fara da ciwon kai mai naci na mako biyu ko uku, sannan mutum ya fara ruɗewa yana sambatu. Sau nawa aka ce aljanu ne! Ya fi kama wanda ƙidayarsa ta sauka ƙasa da 100.

Abin da ya fi ba mu tsoro a nan shi ne wani bincike da aka yi a ƙasashen Yuganda da Kenya da Malawi da Zimbabuwe, aka fitar da sakamakonsa a 2017. Mutanen da aka yi binciken a kansu duk ƙidayarsu ba ta kai 100 ba, amma kusan rabinsu ba su da wata alama mai tsanani, wasu ma babu ko kaɗan. Ke nan ido ba ma'auni ba ne. Mai ƙiba da ƙyallin fata yana iya kasancewa a bakin rami.

To bari mu ɗan koma baya, don yara masu tasowa su san inda aka fito, manya kuma su san cewa labarin da suka riƙe ya tsufa.

A 1986 aka fara ba da rahoton wannan cuta a Nijeriya, kuma a nan Ikko ne. Wancan lokaci babu magani, shi ya sa mutanenmu suka laƙaba mata kabari kusa, kuma sunan bai yi ƙarya ba a zamaninsa. Mutane da yawa ma ba su yarda akwai ta ba sai a watan Agusta na 1997, da Fela ya rasu, yayansa Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya taɓa zama Ministan Lafiya, ya fito gaban 'yan jarida ya faɗi abin da ya kashe shi. Waɗanda ke garin nan a lokacin sun tuna yadda maganar ta girgiza kowa. A 1996 ne Turawa suka gano cewa idan aka haɗa magani iri uku ana danne cutar, amma kuɗinsa ya haura dala 10,000 a shekara ga mutum guda. Wa zai iya? Sai a 2001 wani kamfanin Indiya mai suna Cipla ya ce zai sayar da irinsa a kan dala 350 a shekara, bai kai dala guda a rana ba. Duk ɗan kasuwa ya san abin da irin wannan karya farashi ke yi wa kasuwa. A 2002 gwamnatin Obasanjo ta fara shirin ba da maganin a wasu manyan asibitoci, da nufin manya 10,000 da yara 5,000, majiyyaci yana biyan naira 1,000 a wata. A 2004 tallafin Amurka da ake kira PEPFAR ya shigo, a 2006 aka mai da maganin kyauta.

Amma da yake maganin bai wadata ba, kuma na farkon yana da wahalar sha, sai aka yi ta rabonsa da ma'auni. Ma'aunin kuwa shi ne wannan ƙidaya ta CD4. Da farko sai ta gaza 200 ake ba mutum. A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga zuwa 350, a 2013 ta kai 500. Wato a wancan zamani mutum zai je a gwada shi a ce yana da ita, sannan a ce ya koma gida jininsa bai yi ƙasa ba tukuna. Da yawa sun tafi ba su dawo ba sai a kwance. Daga nan ne wasu dattawanmu suka riƙe cewa babu amfanin gwaji tun mutum yana da lafiya, tun da ba abin da za a yi masa. A lokacin suna da 'yar hujja. Yanzu babu.

Abin da ya canza shi ne bincike biyu da suka fito a 2015. Ɗaya a Abijan aka yi shi, a kan mutum fiye da 2,000 'yan Afirka ta Yamma irinmu, ɗayan kuma a ƙasashe 35 a kan mutum fiye da 4,600. An raba mutane biyu, wasu aka fara ba su magani nan take, wasu aka jira ƙidayarsu ta sauka. Duka biyun abu guda suka nuna: waɗanda aka fara wa da wuri, haɗarin mummunan ciwo ko mutuwa ya ragu musu da wajen rabi. A shekarar Hukumar ta ce a daina jira, duk wanda aka samu da cutar a fara masa magani ko nawa ne ƙidayarsa. Nijeriya ta karɓi wannan tsari a 2016. Yau maganin da aka fi bayarwa ƙwaya ɗaya ce tak a rana, ta fi na da sauƙi a jiki nesa ba kusa ba, kuma sau da yawa ranar da aka gwada mutum ranar zai tafi da ita gida.

Sakamakon wannan duka ya fito a lissafi. Masu bin diddigin asibitoci a ƙasashe da yawa sun nuna cewa a ƙasashe masu arziki irin na Nijeriya, wajen 2002 matsakaicin mai fara magani ƙidayarsa kusan 100 ce, wato sai ana gab da rasa shi. Zuwa 2015 ta haura 200. An ci gaba, babu musu. Amma kun ga 200 ɗin ma ai bakin layin ne. Kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sha faɗa cewa a ƙasashe masu tasowa, kusan mutum ɗaya cikin uku da ke zuwa fara magani cutar ta riga ta yi nisa a jikinsa, kuma wannan kaso ya ƙi sauka yadda ake so, duk da magani kyauta ne. An buɗe ƙofa, an cire kuɗi, an cire jira, amma kashi ɗaya cikin uku suna nan suna zuwa a ƙurarren lokaci.

Su wane ne su? A nan ne maganar ta shigo zaurenmu.

Da yawansu maza ne. Babban ƙidayar da gwamnati ta yi gida-gida a 2018 ta nuna cewa mutum kamar miliyan 1.9 ke ɗauke da cutar a Nijeriya, kashi 1.4 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 49, kuma mata sun ninka maza. Amma mace tana da ƙofar da ke kai ta asibiti ko ba ta da ciwo, wato awon ciki, a can ake gwada ta, a gano da wuri. Namiji fa? Namiji ba ya zuwa asibiti sai an ɗauke shi. Ku duba zauren nan, ku duba Zango, ku duba inda 'yan ci-rani ke kwana a bakin kasuwa: mu al'umma ce ta maza. Da yawanmu iyali na Arewa, ana zuwa gida da Sallah ko da damina. To ƙofar awon cikin ma ba ta kusa da mu.

Sannan baƙi ne. Wannan ba a nan kaɗai ba. A Turai, inda asibiti ke ko'ina, wajen rabin waɗanda ake ganowa a makare ake gano su, kuma a Ingila maza 'yan Afirka na cikin waɗanda suka fi kowa makara. Baƙo ko'ina yake yana tsoron ofis, ba ya jin harshe sosai, yinin da zai ɓata a layi yinin abincinsa ne. Yaron da ya sauko daga ƙauyen Jigawa bara, ba Turanci ba Yarbanci, burokan ma kame-kame yake, ka ce ya je ya yanki kati ya yi wa nas bayanin gudawarsa? Gara masa kemis ɗin da ke jin Hausa. Mutanenmu na Idi-Araba katanga ce kawai tsakaninsu da asibitin koyarwa na LUTH, ga cibiyar binciken magunguna ta tarayya a Yaba ta shekara fiye da ashirin tana kula da masu wannan cuta, ga asibitocin gwamnatin jiha a Agege da sauran unguwanni, amma nisan da ke zuciya ya fi na ƙafa.

Akwai kuma wani ruɗi da ya kamata mu kashe. Ƙidayar 2018 ta nuna cewa Arewa maso Yamma ce ta fi ƙarancin cutar, kamar mutum 6 cikin 1,000, yayin da Akwa Ibom da Binuwai ke da wajen 5 cikin 100. Sai ka ji wani yana cewa ai ba ciwon Bahaushe ba ne. Jama'a, 6 cikin 1,000 a ƙasar da ke da miliyoyin mutane ba kaɗan ba ne. Kuma inda ake ganin cuta ba ta da yawa, a nan aka fi makara, don ba wanda ke kawo ta a rai, har shi mai ba da maganin. Ƙwayar cuta ba ta tambayar garinku.

Kashi na uku su ne suka fi ba mu tausayi, kuma likitoci sun ce yanzu suna ƙaruwa cikin masu zuwa a kwance. Su ne waɗanda sun san suna da ita, sun fara magani, sun ji sauƙi, sannan suka bari. Wani ya tafi gida noma wata huɗu maganinsa ya ƙare a can, kunya ta hana shi zuwa asibitin garinsu inda ɗan ƙanwarsa ke aiki. Wani ya ga ya yi ƙiba ya ce ya warke. Wani kuma an ba shi wani jiƙo an ce ya ajiye na asibiti. Wannan na ƙarshe ba ƙananan mutane kaɗai ke yi ba, a 2007 shugaban Gambiya na lokacin, Yahya Jammeh, ya ce yana warkar da ita da ganye, ya sa mutane suka ajiye maganinsu, wasu suka mutu. Maganin asibiti danne cutar yake, ba ya fitar da ita. Ranar da aka bari ta farka, cikin 'yan makonni ta cika jini, uwar kuɗin da aka sha wahalar tarawa ta fara zubewa, kuma zubewar ta fi taruwar sauri. Alhali abin da sauƙi: wanda ya daidaita a kan magani ana iya ba shi na wata uku har shida a tafi ɗaya, wanda zai koma wani gari kuma ana rubuta masa takardar canjin asibiti. Sai dai a tambaya. Mai azumi ma ya gaya wa likita, ƙwaya ɗaya ce, ana iya mai da ita dare. Malamanmu kuma ga su zaune, sun sha karantar da mu cewa neman magani ba ya karo da tawakkali. A yi addu'a, a sha rubutu in ana so, amma kada a ajiye ƙwayar.

To idan an riga an makara fa, shi ke nan? A'a. Mun ga waɗanda aka shiga da su asibiti a kan kafaɗa, yau suna sauke buhu. Amma aikin ya fi wuya, kuma ya kamata masu jinya su san abin da za su nema. Tun da aka daina jiran ƙidaya kafin a ba da magani, wasu asibitoci sun yi sakaci da gwajin CD4 ɗin gaba ɗaya, ana miƙa wa mutum kwalba ya tafi. Ga mai ƙarfi babu laifi. Ga wanda jininsa ya yi ƙasa kuwa, kwalbar kaɗai ba ta isa ba. Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara abin da za a yi masa: a ƙirga CD4 a ranar farko, yanzu har akwai ɗan abin gwaji da ake ɗiga wa jinin yatsa ya nuna ko ta gaza 200, in ta gaza, a nemi tibi, har da wani gwaji na fitsari, a duba jini ko ƙwayar sanƙarau ɗin nan ta shiga tun kafin ciwon kai ya fara, a ba shi Septrin da maganin rigakafin tibi. A binciken nan na ƙasashe huɗu, ƙarin irin waɗannan magunguna masu arha ya rage mutuwa a wata shida na farko daga kamar 12 cikin 100 zuwa 9. Don haka wanda ya raka ɗan'uwa, ya buɗe baki ya ce, likita, nawa ne CD4 ɗinsa? An duba tibi? Tambaya ba rashin kunya ba ce.

Watanni ukun farko su ne masu haɗari. Wani lokaci majiyyaci yana fara magani sai jikin ya ƙara rikicewa, don 'yan sintirin sun farfaɗo sun tarar da ɓarayi cike da gida, faɗa ya kaure. A nan ne 'yan'uwa ke cewa maganin ne bai karɓe shi ba, a sa shi a mota. Wallahi wannan motar ta kashe mutane. Tafiyar kwana biyu a bayan tirela, a kan buhuna, ga rana ga sanyin dare, ga mutumin da ko ruwa ba ya riƙewa, sannan a sauke shi a ƙauyen da asibitin kirki ke da nisan mil hamsin. Mun fahimci dalili, kowa yana so in ta Allah ta kasance ta same shi gaban mahaifiyarsa. Amma a ganinmu kuɗin da muke tarawa na mota, da a kan jinyar mako biyu a nan aka kashe su, da da yawa sun je gida da ƙafarsu. Kuma a sani, wanda ya fara magani ƙidayarsa tana 50, tana hawa a hankali, wani ya yi shekaru bai kai 500 ba. Wanda ya fara tana 600 kuwa, galibi bai ma san ana wani ciwo ba, zai yi rayuwarsa kusan kamar kowa.

Yanzu maganar iyali, iyaye mata ku saurara da kyau. Shekarun nan takwas ko goma da mutum bai sani ba, ba shi kaɗai suke ci ba. Yana zuwa gida, akwai uwargida, akwai amarya. Idan ya rasu ba a san abin da ya kashe shi ba, an ce taifot, matan su gama takaba su yi wani aure, abin ya shiga wani gida. Mace mai cutar da ba ta shan magani, cikin jarirai 100 tana iya sa wa 15 zuwa 45, a ciki ko wajen haihuwa ko a nono. Da magani abin ya koma ƙasa da 5. Jaririn da ya kamu ba a gano ba kuwa, rabinsu ba sa kai shekara biyu. Ga kuma abin da mutane da yawa ba su ji ba: wanda ke shan magani kullum har awon jini ya nuna ƙwayar cutar ta yi ƙasa na'ura ba ta ganinta, ba ya sa wa matarsa ta hanyar kwanciyar aure. An tabbatar da wannan a bincike a kan dubban ma'aurata. Wato akwai gidajen da miji na da ita, mata ba ta da ita, 'ya'ya lafiya lau, ana zaman aure. Jihar Kano ta yi doka a 2024 cewa sai an yi gwajin lafiya kafin a ɗaura aure, har da na wannan cuta. Mu a nan dokar ba ta hau kanmu ba, amma babu abin da ya hana limamanmu su nemi takarda, ga budurwa ga bazawara, ga saurayi ga mai ƙarin aure, kowa da kowa, don kada a ce wani ake zargi. A tuna dai gwaji ba ya ganin cutar da ta shiga jiya, wanda ke da shakka ya sake bayan wata uku.

Kuma kada mu ɗauka duk wanda ya kamu ta hanyar banza ya samu. Matar da ke cikin kulle me ta yi? Jariri fa? Akwai wanda aka ƙara wa jinin da ba a tace ba, akwai allurar da aka yi wa mutum biyu. Wanda ma ya yi kuskuren, tsakaninsa da Ubangijinsa ne, mu namu jinya. Ba a ɗaukarta a musafaha, ko cin tuwo kwano ɗaya, ko buta, ko sahun salla, ko cizon sauro.

Mun daɗe muna tunanin me ya fi hana mutanenmu gwaji, kuma a ganinmu ba kuɗi ba ne, tun da a asibitin gwamnati gwajin kyauta ne, minti ashirin an gama, har akwai wanda ake saya a kantin magani mutum ya goga a dasashi a ɗakinsa, in ya nuna alama ya je asibiti a tabbatar. Abin da ke hana mu bakinmu ne. Zango ƙaramin gari ne. Abin da aka faɗa a teburin mai shayi da safe, kafin la'asar ya isa Kano a waya, ya isa gidan surukai. Mutum ya gwammace ya mutu da taifot da ya rayu da wannan suna. Barin kashi a ciki kuwa ba ya maganin yunwa. Akwai dokar tarayya ta 2014 da ta hana a kori mutum daga aiki ko a wulaƙanta shi ko a tona asirinsa saboda wannan cuta, amma doka ba ta zama a majalisar bakin kasuwa. Mu ke zama. Mun san gidan da aka ware wa mutum kofi da kwano, aka daina sayen kayansa, har ya tattara ya bar gari, ya bar maganinsa a nan.

Wani abu kuma, mafi yawan kuɗin maganin nan daga waje yake zuwa. A farkon 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafinta na ƙasashen waje, aka shiga ruɗani, wasu ma'aikatan da ke bi unguwa-unguwa suna gwaji suka rasa aiki. Daga baya an bar maganin ya ci gaba, gwamnatin tarayya ma ta ware kuɗi. Amma mu ɗauki darasin 'yan kasuwa: kada mu zauna jiran masu farar riga su kawo mana tebur bakin masallaci kamar da. Mu za mu je.

Saboda haka kwamiti yana roƙon majalisa abu biyu, a tattauna kafin a tashi. A samo mana mutum huɗu, maza biyu mata biyu, masu jin Turanci ko Yarbanci, waɗanda aka shaida ba su da surutu, su zama masu raka marasa lafiya asibiti su yi musu tafinta, ƙungiya ta riƙa biyan kuɗin motarsu da ɗan abin da suka rasa na yinin. Sannan a sa sharaɗi a asusun taimako: duk wanda ya wuce wata guda yana zazzaɓi ko tari ko gudawa ko rama, kafin a fitar da kuɗin kai shi gida sai an fara kai shi asibitin gwamnati an yi masa gwajin jini da na tibi. Sakamakon nasa ne shi da likitansa, kwamiti ba ya son gani, takardar shaidar zuwa kawai muke so. Mu 'yan kwamiti kuma mun yi shawara a tsakaninmu, ranar Litinin bayan an sauke kaya za mu tafi tare a gwada mu duka, wanda ke son bin mu ya same mu bakin ofishin kasuwa da ƙarfe tara.

Iyaye mata da ke da tambayar da ba za a yi a gaban maza ba, a ba uwargidan Liman, za ta haɗa ta kai wa ma'aikaciyar asibiti mace.